VS Code ya dawo min da aikin kwana uku da na goge da hannuna

Ni fa tun asali ba wani son VS Code, editan rubuta kod ɗin nan, nake ba, da wani edita mai suna Vim na saba, abokin aikina ne ya dame ni har na sauke shi, kullum ina mitar ya cika tarkace. To ranar Laraba bakina ya mutu murus.

Wajen ƙarfe ɗaya na dare ne, kwana uku ina fama da wani ɓangaren lissafin oda a Python ban yi kwamit ko sau ɗaya ba, wato ban ajiye aikin a Git mai riƙe tarihin gyaran kod ba, eh na sani, kar wanda ya fara min wa'azi. Reshen Git ɗin da nake aiki a kai ya cakuɗe, ga barci na fizgata, kawai na buɗe taminal na buga git reset --hard, umarnin da ke mayar da fayiloli yadda suke a kwamit na ƙarshe, na danna Enter. Wallahi kafin in ɗaga yatsa na gane ɓarnar da na tafka. Duk wanda ya san Git ya san gyaran da ba ka yi wa add ko kwamit ba ko reflog, rijistar da Git ke lalubo kwamit ɗin da ya ɓace da ita, ba ya ganinsa. Na buɗe fayil ɗin, ya koma yadda yake ran Lahadi, Ctrl+Z ko gezau. Zufa ta keto min, na zauna ina kallon allo ina salati kamar wanda aka yi wa sata.

Cikin dube-duben rashin madafa ne idona ya kai can ƙasan Explorer, gefen VS Code da ke jera fayiloli, wani ɗan layi da aka rubuta Timeline wanda ban taɓa ko kallonsa ba. Ina dannawa sai ga jeri reras, File Saved, File Saved, kowanne da lokacinsa. Ashe tun fitowar 1.66 a 2022 editan ke ajiye kwafi duk sanda ka yi sebin, har guda 50 ga kowane fayil, ba ruwansa da Git. Na danna na ƙarshe ya buɗe min su gefe da gefe, ja da kore, ga aikina nan ko waƙafi bai ɓata ba. Restore Contents, shikenan. Ihun da na yi sai da na ji kunyar kaina.

Amma fa ɗaya bayan ɗaya za ka bi su, fayil bakwai na bi, sai da na zauna ina tuno waɗanda na taɓa. Kuma akwai wani fayil ɗin JSON na bayanan gwaji da na ɓata yini ina gyarawa da hannu, shi kam ya tafi, don duk abin da ya haura 256KB ba ya shiga tarihin sai in ka ƙara a saitin, ni kuma ina na sani.

Tunda ana maganar haushi, wani ekstenshin na AI mai ƙarasa maka kod da na ɗora, ba zan kama suna ba, shi ne ma silar cakuɗewar tun farko. Ya rubuto min wani fankshin mai kyan suna cikin isa da gadara, na danna Tab na wuce, ashe babu shi sam a laburaren, ƙirƙirarsa ya yi. Awa guda ina zargin kaina. Ga shi da zarar ya tashi fankar kwamfutata mai 8GB sai ta hau kuka kamar za ta tashi sama. Na cire shi, numfashinta ya dawo.

Maɓallin F2 na VS Code kam ba laifi, ka canza sunan abu a wuri ɗaya ya bi duk fayilolin ya gyara, wannan kaɗai ya sa na rage kewar Vim, duk da har yanzu hannuna na buga :wq, umarnin sebin da fita na Vim, a tsakiyar kod. Da taurari biyar na yi niyyar ba VS Code, da na tuna JSON ɗin nan sai na ji huɗu ma ya isa, ko da yake laifin nawa ne. Af, na yau ma ban yi kwamit ba, bari in je.