Kuben buroshin fenti da na saya a Ƙofar Ruwa, daga hunturu zuwa damina

Shekara 14 ke nan ina fentin gidaje a Kano, kuma yawancin buroshin da na zubar a tsawon wannan lokaci buhu ne ya kashe su tun aiki bai cinye su ba. Mu masu fenti a bakko muke zuba kayan aiki, buroshi da rola da ƙarfen kankare bango da samfefa duk wuri guda, a ɗaure a bayan babur ko a cusa ƙarƙashin kujerar adaidaita sahu. Kafin ka taso daga Gwammaja ka isa Hotoro, gashin buroshin da ka wanke jiya ya kwanta gefe guda, bakinsa ya wage. Irin wannan buroshi ba ya fitar da layi. Ka zo gefen silin, fari a sama launi a ƙasa, sai gashi biyu ko uku su ɓalle su shafa maka launi a kan farin. Mai gida kuwa babu ruwansa da buroshi, hannunka zai ce bai iya ba.

A Disambar bara na shiga kasuwar Ƙofar Ruwa sayen fentin wani ɗakin amarya da ake son gamawa kafin ranar jere. Alhajin da na saba saye a wurinsa ya miƙo min wani abu ya ce, "Malam, gwada wannan, sabon zuwa ne. Ka sa buroshinka ciki ka manta da shi." Roba ce mai tauri da ake ganin abin da ke cikinta, ɓari biyu kamar littafi. Ka kwantar da buroshin, ka rufe ya ce ƙas, mariƙin yana waje, akwai kuma soso a wuyan da ke toshe iska. Yaron da ke koyon aiki a hannuna ne ya raɗa masa suna kube, don yadda buroshi ke shigewa ciki kamar wuƙa. Na ɗauki uku, biyu na buroshi mai inci 2 zuwa 3, ɗaya na inci 4, Alhaji ya haɗa min da wani ɗan matajin ƙarfe na taje gashin buroshi. Kuɗin kowane kube ya kusa na ƙaramin buroshi mai araha, shi ya sa sai da na yi jim kafin na biya.

Hunturu ne ya fara nuna min amfaninsa. Duk wanda ya yi fentin ruwa a Janairu a garin nan ya san yadda iska ke shanye shi, ka ajiye buroshi ka sha ruwa ka dawo, bakinsa har ya fara ƙanƙamewa, ga ƙura ta manne. A da in za mu tafi masallacin Juma'a, ko dai mu naɗe shi a leda, ko mu tsoma shi a bokitin ruwa. Bokitin nan ya fi komai ɓarna. Buroshin yana tsaye a kan gashinsa, nauyinsa na danne shi har ya lanƙwashe, katakon mariƙin ya sha ruwa ya kumbura, in ya bushe ya tsuke, ƙarfen da ke riƙe gashin ya saki. Daga nan sai ka riƙa tsintar gashi a jikin bango. Ranar da na fara gwada kuben, na rufe buroshin da fentinsa wajen ƙarfe 12 da rabi, ban buɗe ba sai bayan 3. Na same shi da danshinsa, bakinsa a haɗe, na tsoma na ci gaba daga inda na tsaya. Na bar shi ya kwana a haka ma sau da dama, da fentin ruwa da na mai, bai ba ni matsala ba.

A hanya kuwa ba ni da abin cewa sai yabo. Tun da na fara sa buroshina na fitar da layi a ciki, ko buhun ya sha matsa bakinsa na nan kamar an yanka da reza.

Amma maganar Alhaji ta a manta da shi, wannan kam kada kowa ya ɗauka. Wata Alhamis yaron nan ya rufe buroshi da fentin ruwa, Juma'a da Asabar ba mu fita ba, sai Lahadi na tambaye shi. "Maigida, ai yana cikin kube," in ji shi, hankalinsa kwance. Bakin gashin da sauran laushi, amma can gindi, kusa da ƙarfe, fentin ya daskare. Nan ne kuma ran buroshi yake. Fenti in ya bushe a gindin gashi sai ya riƙa tura gashin waje, kuma fentin ruwa da zarar ya kama, ruwa ba ya sake narkar da shi. Mun fi rabin awa muna tajewa kafin ya dawo, bai kuma dawo daidai ba. Ban yi masa faɗa sosai ba, domin ni ma abin da aka gaya min ke nan na gaya masa.

Na inci 4 ɗin bai yi min ba tun farko. Buroshi mai kauri ba ya barin sa ya rufu, sai ka danna, in ka danna kuma ka matse gashin gefe, wato abin da ake gudu shi aka yi. A watan Afrilu muka bar shi a rana a saman wani bene, robar ta gasu, mahaɗin ya tsage. Cikin kuben ma yana son wanki kamar buroshin. In fenti ya bushe a ciki, ɓarɓashinsa na komawa jikin gashi ya fito maka a ƙofar da kake wa fentin mai. Na goge kube guda da tina, wato ruwan tsinka fentin mai, sau ɗaya, robar ta yi hazo, tun daga nan kananzir kaɗan nake sa wa a tsumma.

Inda ya ba ni kunya sosai shi ne damina. A Agusta, lokacin da ruwa ya fi sauka kuma aiki ke ja baya, na wanke buroshina mafi tsada, na yarfe shi, na ga kamar ya bushe, na rufe a kube na ajiye. Bayan mako biyu na buɗe, wari ne ya fara tarbata. Ƙarfen ya yi tsatsa, katakon ya yi baƙin funfuna, tsatsar har ta gangaro cikin gashin. Toshewar iskar da ke hana fenti bushewa ita ce ta hana ruwan fita. Raina ya ɓaci ƙwarai, don buroshin nan hannuna ya saba da shi, kuma ba a shekara ɗaya ake samun irinsa ba.

Sai na tuna maigidana da ya koya min aiki, Allah ya jiƙansa. Shi bai taɓa tashi daga aiki bai wanke buroshi ba, ko da an kira magariba. Fentin ruwa, ruwa da sabulu har ruwan ya fito fes. Fentin mai, kananzir tukuna sannan sabulu. Ya yarfe, ya gyara bakin da yatsu, ya rataye a ƙusa ta hujin da ke jikin mariƙin, gashi na kallon ƙasa, a inuwa. In ya bushe ƙayau sai ya naɗe shi da tsohuwar jarida, ya ninke bakin, ya ɗaure a kan ƙarfen, ba a kan gashin ba. Takarda tana riƙe siffar gashin kuma tana barin iska ta ratsa. Da tsohuwar zuma ake magani. Ɗan kwalin nan da sabon buroshi mai kyau ke zuwa a ciki, wanda muke yagewa mu yar tun a bakin shago, aikin da aka yi shi dominsa ke nan.

Abin da na fi mora a cikin sayayyar duka shi ne matajin da aka ba ni kyauta. Yana shiga har gindin gashi ya fito da fentin da yatsa ba ya kaiwa. Buroshin nailan da ya lanƙwashe, in ka tsoma gashinsa a ruwan zafi na ɗan lokaci, ba tafasasshe ba, ka taje shi ka naɗe a takarda, yakan miƙe. Ni dama na nailan nake amfani da shi yanzu. Masu gashin dabba suna shan ruwa su kumbura a fentin ruwa, kuma da yawansu gashin alade ne ake kawowa daga Sin, abin da masu saye da yawa a nan ba su sani ba.

Makon jiya na koma Ƙofar Ruwa na ƙaro ƙananan guda biyu, ban sake ɗaukar babban ba. Na ba Alhaji labarin buroshina na Agusta, na roƙe shi ya daina ce wa mutane su manta da shi a ciki. Ya ce, "To Malam, me zan ce musu?" Na ce ya ce musu na hanya ne da na tsakar rana, in an dawo gida a fito da shi. Ni dai na kafa ƙusa shida a bangon zaure, inda rana ba ta kaiwa, yaron kuma ya san ba ya tafiya gida sai ya nuna min kowane kube a buɗe, babu komai a ciki.