Faifan Willie Lamothe: waƙa ta yi, mai sayarwa ya cuce ni

Mu da muka tashi a Damagaram muna jin Don Williams da Jim Reeves a rikodar manya, ba a yi mana tallar kiɗan kaboyi. Shi ya sa da wani abokin aikina a nan Montreal, birnin da ke lardin Kebek na ƙasar Kanada, ya ce ai mutanen Kebek ma suna da nasu kaboyin mai waƙa da Faransanci, ban yi wata-wata ba na yi odar tsohon faifan garmaho na waƙoƙin Willie Lamothe daga wani mai sayar da kayan hannu a intanet.

Waƙoƙin kam sun ba ni mamaki. Mutumin ɗan garin Saint-Hyacinthe ne, an haife shi a 1920, ya yi soja lokacin Yaƙin Duniya na Biyu yana yi wa 'yan uwansa sojoji waƙa, sannan a 1946 ya fara ɗaukar faifai da kamfanin RCA Victor. Kiɗan dai na Amurka ne, ga jita ga goge, amma bakin na ƙauyen Kebek ne tsantsa. Faransancin da muka koya a makaranta bai kai ni ko'ina ba a jin farko, sai da na kasa kunne sosai. Muryarsa akwai fara'a, ka ji mutum yana waƙa yana murmushi. Maƙwabciyata, wata tsohuwa da ta haura saba'in, ta jiyo ta bango ta zo ta ƙwanƙwasa ƙofa. Na ɗauka ƙorafi ta kawo, ashe so take in ƙara sauti. Ta ce ba ta taɓa barin shirinsa na talabijin, Le Ranch à Willie, ya wuce ta ba a shekarun 1970, lokacin da yake tare da makaɗin jitarsa Bobby Hachey. A ranar har na yi niyyar ba mai sayarwar tauraro biyar, wato cikakken makin yabo a shafin cinikin.

Sai muka juya faifan.

Mai sayarwar nan ya rubuta ƙarara cewa faifan kamar sabo yake. Kwalin ya iso yana warin danshi, an liƙe gefensa da salatif, na ce ba komai, kayan da suka shekara hamsin ne. Amma ɗaya fuskar akwai wani karce mai zurfi da farce ma yana jinsa, kuma bai tashi faɗawa ko'ina ba sai kan Mille après mille, waƙar da Gerry Joly ya rubuta, wadda saboda ita abokin nawa ya yi ta zuga ni. Allura na zuwa wurin sai ta maƙale, ta yi ta nanata rabin kalma ɗaya kamar ɗan makarantar allo da ya manta gaban karatu. Tsohuwar nan ta buɗe baki za ta bi amshi, dole ta yi shiru. Kunya ta rufe ni.

Na aika masa hoton karcen. Amsarsa wai allurata ce ta tsufa. Don kada in zalunci bawan Allah na sayi sabuwa, abin bai canja ba. Da na sake magana sai ya ce in mayar da faifan da kuɗina, alhali kuɗin aikawar ya kusa kamo kuɗin faifan. Wannan ai rainin hankali ne. In ka san kayanka na da aibi ka faɗa, ka rage kuɗi, mai so ya saya.

Lamothe ya rasu tun 1992, ba ruwansa da wannan ciniki, kuma zan nemi wani faifan nasa a shagon da zan riƙe da hannuna in duba a hasken fitila. Da na ce zan bar wa mai sayarwar tauraro uku albarkacin fuskar da ke aiki. Yanzu da na tuna kuɗin allurar nan, biyu ma alfarma na yi masa, kuma har yau bai amsa saƙona na ƙarshe ba.