Kafin ka sayi a-kori-kurar dizal ta hannu don jan tirelar kwana a Amurka

Duk wanda ya bi manyan titunan Amurka tsakanin Yuni da Agusta ya san su. Ƙatuwar a-kori-kura ce a gaba, tana jan ɗaki sukutum mai taya, da gadaje da kicin da banɗaki a ciki. 'Yan'uwanmu masu iyali da ke zaune a nan sun fara sha'awar abin, kuma ina ganin dalilinsu. Mai 'ya'ya huɗu ko biyar sai ya kama ɗaki biyu a otal, ga neman abincin halal a ƙauyen da ba a san shi ba. Da tirelar kwana kuwa uwargida ta ɗora tukunyarta, kowa ya yi sallarsa a natse. Sai dai sabuwar mota mai dizal mai ƙofa huɗu da wuya ka same ta ƙasa da dala 60,000, shi ya sa kowa ke komawa ga ta hannu.

Abin da nake roƙon ka fara yi, ɗan'uwa, shi ne ka zaɓi tirelar kafin motar. Dillali zai gaya maka nauyin da mota ke iya ja, adadin kuma zai burge ka. Amma ba a nan ake faɗuwa ba. Ana faɗuwa ne a nauyin da take iya ɗauka a gadon bayanta. Buɗe ƙofar direba, duba jikin ginshiƙin, za ka ga 'yar takarda mai ruwan ɗorawa da fari manne, an rubuta iyakar nauyin mutane da kaya da kilo da kuma laba. Wannan lambar ta motar da ke gabanka ce ita kaɗai, ba ta littafin talla ba.

Tirelar kwana iri biyu ce. Wadda ake ƙullawa a ƙugiyar baya tana ɗora wa mota kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta. Mai dogon wuya, wadda wuyanta ke zama a tsakiyar bodi saman tayoyin baya, ta fi natsuwa a hanya, amma tana danna motar da kashi 15 zuwa 25. Ɗauki misalin mai wuya da ta kai kilo 5,500 bayan an loda ruwa da kaya. Kashi 20 nata kilo 1,100 ke nan. Ƙara ƙarfen da ke riƙe wuyan, kusan kilo 90, ƙara kai da iyali, a ce kilo 350. Ka haura 1,500. Na sha buɗe ƙofar Ford F-250 ko Ram 2500 mai dizal, mai kujerun fata da gilashin rufi, in tarar an rubuta abin da bai fi kilo 1,000 ba. Injin dizal ya fi na fetur nauyi da kusan kilo 350, kuma daga rabon lodinka ake cire shi. Saboda haka in mai wuya kake so, nemi F-350 ko 3500 kai tsaye. Tsawonsu ɗaya da ƙannensu, bambancin kuɗinsu a kasuwar ta hannu ba shi da yawa. Mai taya huɗu a baya sai in tirelar ta yi girma sosai, don shiga da ita wurin ajiye motoci na kanti aiki ne.

Sai inji. Mutane na rantsuwa da kamfani, wani Ford, wani Ram, wani Chevrolet ko GMC. Ni shekarar injin nake kallo, domin kowanensu ya taɓa yin gwani ya kuma taɓa yin mai ba da wahala.

Ford ya fi kowa wannan hawa da sauka. Power Stroke mai lita 7.3, wanda aka daina a 2003, jarumi ne, amma yau ya haura shekara 20, ga ƙara, ga rashin ƙarfi in an gwada shi da na yanzu. Mai lita 6.0 na 2003 zuwa 2007 ya yi suna wajen ƙona gaskit da toshewar na'urar sanyaya baƙin mai. Akwai masu gyara shi su sa masa ƙusoshi masu ƙarfi ya zauna lafiya, amma in ba ka ga rasit ɗin aikin da idonka ba, ka ɗauka ba a yi ba. Mai lita 6.4 na 2008 zuwa 2010 kuwa, ko da araha kada ka kusance shi: shan mai, fashewar fistin, kuma gyare-gyarensa da yawa sai an ɗaga kan motar gaba ɗaya daga kan shasi. Daga 2011 Ford ya rabu da kamfanin Navistar, mai ƙera masa injunan baya, ya ƙera nasa mai lita 6.7, kuma wannan ya yi kyau, musamman daga 2015 da aka sauya masa turbo. Daga 2017 jikin motar ya koma na alminiyam, wanda ba ya tsatsa irin ta ƙarfe.

Ram na amfani da injin Cummins tun 1989, silinda shida a jere, mai lita 5.9 da farko, sannan 6.7 daga tsakiyar 2007. In ka ɗaga bonet za ka ga sarari, hannun makanike na shiga ko'ina, wannan kuma kuɗi ne yake rage maka. Birkin salansarsa, wanda ke riƙe mota a gangara ba tare da ka taka birki ba, shi ne ya fi kwanta mini. Wanda ya taɓa sauka daga ramin Eisenhower, hanyar da aka huda ta cikin dutse, a kan titin I-70 a Kolorado, inda gangarar ta kai kashi 7 cikin ɗari na mil da yawa, da tan biyar a bayansa da yara suna barci a kujera, ya san darajar wannan abu. Raunin Ram yana giya. Wadda ake kira 68RFE ba ta jure wahala kamar injin. Ta kamfanin Aisin, da ake samu a wasu 3500 daga 2013, ita ce ta aiki.

Chevrolet da GMC mota ɗaya ce da suna biyu: injin Duramax mai lita 6.6 tun 2001, da giyar Allison da kowa ke yaba wa. Sun fi sauran taushin tuƙi. Na 2001 zuwa 2004 na cin nozul. Na 2006 da farkon 2007, mai lambar LBZ, masu shi ba sa son rabuwa da shi, farashinsa ma ya nuna haka.

Akwai wani abu ɗan ƙarami da ya kamata ka riƙe sunansa, CP4. Famfon mai ne na kamfanin Bosch, kuma dizal ɗin da yake turawa shi ne man da ke shafe shi. In mai ya zo da ruwa ko ya rasa santsi, sai ya fara cin kansa, ya watsa garin ƙarfe cikin nozul da bututu har tanki. Gyaran kan kai dala 8,000 zuwa 10,000. Yana cikin Duramax na 2011 zuwa 2016, da Ford mai 6.7 tun 2011, da Ram na 2019 da 2020, waɗanda kamfanin ya yi wa kiranye a 2021 don sauya shi. Duramax daga 2017 ya koma famfon Denso. In motar na da CP4, tambayi ko an sauya shi ko an sa masa kariya, ka kuma riƙa canza matatar mai a kan lokaci. Af, a gida dizal muke kira gas, a nan kuwa gas fetur ne. Ka karanta rubutun famfo kafin ka zuba, kada ka dogara da launin hannunsa.

Tun wajen 2008 motocin nan na ɗauke da matatar hayaƙi, daga baya aka ƙara tankin wani ruwan rage gubar hayaƙi da ake kira DEF. Matatar na buƙatar doguwar tafiya don ta ƙone baƙin hayaƙin da ta tara. Wanda zai riƙa kai yara makaranta mil uku ya dawo zai toshe ta. In tafiyarka da tirela sau uku ce ko huɗu a shekara, kuma tirelar ba ta wuce tan huɗu ba, ka duba mai fetur da gaske, irin Ford mai lita 7.3 da ya fito a 2020. Ya fi shan mai a hawa, amma juyensa da gyaransa da sauƙi. Injin Cummins kwat 12 na baƙin mai, wato kusan lita 11, yake sha a juye ɗaya. Za ka kuma haɗu da masu cewa sun cire duk kayan hayaƙin, mota ta ƙara ƙarfi. Wannan ya saɓa wa dokar tarayya, a jihohin da ake gwajin hayaƙi ba za ka iya sabunta rajista ba, mayar da kayan kuma dubban daloli ne.

Da ni ne mai neman ta jan tirela mai wuya, Ram 3500 na 2013 zuwa 2018 mai giyar Aisin zan fara nema, sai Duramax 3500 daga 2017, sai F-350 daga 2017 in an kare famfonsa. Zan fi son wadda ta yi zamanta a Tekzas ko Arizona a kan ta Mishigan ko Ohayo, inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara.

Ranar dubawa, ka ce wa mai ita kada ya tayar da ita kafin ka iso. Ɗora hannu a kan injin ka tabbatar da sanyi yake, sannan a tayar, ka saurara, ka kalli hayaƙin. Shiga ƙarƙashinta da tocila da sukudireba, ka ƙwanƙwasa shasi da bututun birki. Duba awannin injin a allon gaban direba, musamman waɗanda ya yi a tsaye, don motar kamfanin haƙar mai kan nuna mil kaɗan alhali ta wuni tana ruri. Nemi tarihinta a Carfax, shafin da ke ajiye tarihin motoci, ka biya makaniken dizal wanda ba na mai sayarwa ba ya ɗaga ta. Bayan ka saya ka ƙulla tirela, ka loda iyali da ruwa kamar ranar tafiya, ka je sikelin CAT a tashar manyan motoci, ka gwada nauyin da ke kan tayoyin baya da iyakar nauyinsu da aka rubuta a jikin ƙofa.