Sabon inji 350 cikin Camaro ta 1968: abin da ya zauna daidai da abin da sai da aka sake

Injin da nake sharhi a kai shi ne 350 na zuriyar Chevrolet, mai silinda takwas, girmansa inci kubik 350, wato lita 5.7, irin wanda ake sayarwa a haɗe cikin akwatin katako. Bulok ɗinsa ƙirar 1986 zuwa sama ne, kawunan silinda na ƙarfe samfurin Vortec, kamshaf (sandar da ke buɗe bawul) mai rola, matsin silinda wajen 9 bisa 1. An dasa shi a motar Chevrolet Camaro ta 1968 wadda ta fito da inji 327 mai ƙarfin doki 210, an kuma yi ta tafiya da shi a gari da kan babbar hanya har aka wuce juyen baƙin mai na biyu. Ya dace da motar ƙwarai, zan kuma sake zaɓarsa. Sai dai duk wanda ya ce maka cirewa ne kawai a saka, to bai taɓa yin aikin da hannunsa ba.

Kafin a tsaya a kansa an duba LS3, wani injin Chevrolet na baya-bayan nan, mai lita 6.2 da doki 430, bulok ɗin alminiyom. Inji ne mai kyau, ba gardama. Amma shigarsa tsohuwar mota na nufin sabbin maɗaurai, wani kwanon baƙin mai da ba zai taɓa gadon mota ba, kwamfutar inji da wayoyinta, totur na lantarki, da famfon fetur mai matsi wajen psi 58, alhali kafireto psi 5 zuwa 7 kawai yake so. Tanki ma sai an taɓa shi. Shi kuwa 350, da shi da 327 gida ɗaya suka fito, gidan da aka fara a 1955, don haka maɗauran inji da fuskar giyabos sun hau ba musu. A nan aka tsira da kuɗi da lokaci mai yawa.

Kada lambar doki ta ruɗi mai saye. Kafin 1972, kamfanonin Amurka suna auna inji tsirara ne, ba tare da cikakken salansa da sauran kayan da ke shan ƙarfi ba, shi ya sa 295 da aka rubuta wa 350 na Camaro SS a wancan lokaci ya fi abin da ke isa taya nesa ba kusa ba. Inji mai doki 330 zuwa 400 na yau ya riga ya fi ƙarfin birki da aksul ɗin da motar ta zo da su.

Abin da ya fi burge ni shi ne kamshaf mai rola, kuma shi ne zan ce kada a yi rowa a kansa. Tsohon samfuri, wanda abin da ke hawa kan kamshaf ɗin shafaffen gindi ne da shi ba rola ba, yana gugar ƙarfe da ƙarfe, yana dogara da sinadarin zinki da fosforas da ke cikin baƙin mai, wanda aka rage a man zamani don kare matatar hayaƙi. Irin wannan kamshaf, ranar tashin farko sai an riƙe inji tsakanin juyi 2,000 da 2,500 na minti 20 zuwa 30, ba a bar shi ya yi silo ba. Idan inji ya ƙi tashi da wuri, ana ta murza kik, man da aka shafa ya goge, ƙusumbin kamshaf ɗaya na iya cinyewa, garin ƙarfen ya bi mai ya shiga metal. Mai rola ba ya buƙatar wannan fargaba. Sharaɗinsa shi ne haƙorin dilko ya dace da irin ƙarfen kamshaf ɗin. A tambayi wanda ya haɗa injin, a saka abin da ya ce, domin haƙorin da bai dace ba yana cinyewa a hankali, taimin ya riƙa yawo, kuma shi ne dai ke juya famfon baƙin mai.

Yanzu ga inda aikin ya tsaya cak. Fulawil na 327 bai hau ba. Daga 1986 aka koma sil guda ɗaya a bayan karanshaf, da'irar ramukan noti ta ƙanƙance, kuma fulawil ɗin sai mai ɗan nauyi a gefe don daidaita juyi. Wanda ramukansa suka dace amma ba shi da wannan nauyi zai ɗauru lafiya lau, sannan mota ta riƙa kakkarwa har a sitiyari. A ƙirga haƙora kuma: mai 153 yana tafiya da kik mai notuna biyu a jere, mai 168 da kik mai notuna a karkace. Sandar auna baƙin mai ta koma dama, a tsohon inji tana hagu, don haka bututun hayaƙi na wannan gefen sai an duba ko ya bar mata hanya. Famfon ruwa ma haka. Motocin 1968 zuwa ƙasa gajere suke amfani da shi, dogon ya zo a 1969, bambancin ya ɗara inci ɗaya. Injin ya zo da dogo, fulin ba su yi layi da na alteneta ba, sai da aka koma gajere. Ga mai giyar hannu, ya leƙa gefen bulok ya tabbata ramin da ƙwallon sandar kuloci ke zama an huda shi an yi masa zare, tun inji yana ƙasa.

Kawunan Vortec, da suka fito a 1996, su ne sirrin jan da injin ke yi daga ƙasa, amma suna da ƙa'idojinsu. Manifol ɗinsu noti 8 ne, na da 12, tsoho ba zai hau ba. Notunan kuma ba a matse su da ƙarfi, wajen Nm 15 ne a ma'aunin ƙarfin matse noti, wanda ya wuce haka zai fasa gasket iska ta riƙa shiga. Ba su da hanyar da ke kai zafin hayaƙi ƙarƙashin kafireto, saboda haka cok na lantarki ake sakawa, kuma da sanyin safiya injin kan yi 'yar gardama na minti biyu ko uku kafin ya saki jiki. Abu mafi muhimmanci, ba su da ramin da ruwa ke zagayawa kafin tamostat ya buɗe. Sai an ja tiyo daga manifol zuwa famfon ruwa. Ba tare da shi ba, allurar zafi takan haura ta faɗo, ta sake haurawa. Da aka saka tiyon, da tamostat na digiri 82 na Celsius, da murfin fanka wanda ya rufe rabin fikafikanta, allurar ta zauna wuri ɗaya ko a cunkoso. Wanda ke tunanin ƙara girman kamshaf nan gaba ya sani cewa ɗagawar bawul idan ta doshi rabin inci, sai an yi wa kawunan aiki.

Kafireto mai cfm 650 (ma'aunin iskar da yake zuƙa a minti ɗaya) aka saka, kuma ya isa. Lissafin a fili yake: girman inji 350 sau juyi 6,000 a minti, a raba da 3,456, ya ba da kusan 608. Wanda ya fi haka girma sosai yana sa mota ta yi jim idan an taka daga tsaye. Kafin tashin farko an cire dilko, an juya famfon baƙin mai da na'urar huda har mai ya ɓullo a kan duka rokoki 16. Jerin wuta 1-8-4-3-6-5-7-2 ne, a kula da wayoyin 5 da 7 da ke maƙwabtaka. Taimin gaba ɗaya ya fi daɗi tsakanin digiri 32 da 34, da tiyon iska na dilko a cire.

A kan hanya, silo ɗinsa a natse yake, zuƙar iskarsa ta wadatar da birki mai taimakon iska, abin da manyan kamshaf ke kasa yi har feda ta yi tauri. Giyar otomatik samfurin Powerglide mai giya biyu ita ce ta riƙa danne shi, sai da aka kawo 700R4 mai giya huɗu kafin injin ya nuna kansa. Wayar da ke haɗa totur da wannan giya dole a saita ta daidai, in ta yi sako-sako matsin mai ya faɗi, kulocin ciki su ƙone cikin ɗan lokaci. Birkin gaba an mayar da shi na faifai tun kafin a fara taka motar sosai.

Tsohon 327 kuwa ba a sayar ba. Lambar da aka buga a kan ɗan dandamalin da ke gaban kan silinda na dama ita ce shaidar cewa da shi motar ta fito, masu saye kuma suna duba ta. An tsiyaye ruwansa, an zuba mai kaɗan ta kowane ramin fulogi, an juya karanshaf da hannu, an toshe ƙofofin iska da na hayaƙi, an ɗora shi a kan katako a wuri busasshe.