Jan ruwan geji na King-Seeley: kaya ne mai kyau, amma sai tanki yana shaƙar iska

Masu sayar da kayan gyaran tsofaffin motocin Amurka suna da wata 'yar kwalba ta jan ruwa da suke sayarwa don gejin mai irin na King-Seeley, kamfanin nan na garin Ann Arbor a jihar Michigan. Wannan geji shi ne a jikin motocin Ford daga 1932 zuwa 1935, kafin Ford ya koma na lantarki a 1936, kuma wasu kamfanonin sun yi amfani da shi tun ƙarshen shekarun 1920. Ba shi da wayar lantarki, ba shi da allura, ba shi da toto mai yawo a kan mai. Iska da nauyin ruwa kawai ke tafiyar da shi. Ruwan kwalbar na yin aikinsa yadda ya kamata, ya kuma cancanci a saye shi. Sai dai galibin ƙorafin da ake yi a kansa ba laifinsa ba ne, laifin bututun iska ne ko murfin tanki.

A cikin tanki akwai wani ɗan ƙoƙo a kife kusa da ƙasa, iska na tsare a cikinsa. Nauyin man da ke sama yana danna iskar, ita kuma ta bi wani siririn bututun jan ƙarfe tun daga bayan mota har zuwa gaban direba. A can ta tarar da wata 'yar ma'ajiya ta tagulla da ke haɗe da bututun gilashi ta ƙasa, sai ta danna jan ruwan ya hau cikin gilashin. Bakin gilashin na sama a buɗe yake. A jikin na'urar cikin tankin kuma akwai wasu ƙananan faifai da ke tarar man da ya fantsama idan mota na tafiya, su gangaro da shi ƙasa tare da ƙwayoyin iska, ta haka ƙoƙon ke sake cika da kansa.

Ruwan kansa sinadarin acetylene tetrabromide ne da aka rina ja. Nauyinsa ya kusa ninka na ruwan sha sau uku, wajen 2.96, shi kuwa fetur yana wajen 0.74. Ke nan ya ninka fetur sau huɗu, kuma nan ne hikimar abin take. Zurfin mai santimita 20 a tanki yana kawo bambancin santimita 5 ne kacal tsakanin ruwan ma'ajiya da na gilashi, shi ya sa ɗan gajeren gilashi ya isa ya nuna tanki guda. Masu ɗura jan man giya don sun ga kalarsu ɗaya suna ɓata wa kansu aiki ne: nauyinsa bai kai 0.9 ba, zai hau fiye da ninki uku, ya malalo ta saman gilashi tun tanki bai kai rabi ba.

Abin yabo a kwalbar shi ne ruwan garau yake, jansa na fitowa sosai a bayan gilashi, yana hawa da sauka ba tare da ya manne a jiki ba, kuma geji ɗaya 'yan ɗigo yake ci, don haka kwalba guda ta wadatar har da ragowa. Aibinsa na farko rinin ne. Rana na cinye shi, motar da ke wuni a fili za a ga jan ya koma ruwan hoda, daga baya ya zama kamar ruwan sha, alhali nauyinsa na nan. Gejin na faɗin gaskiya, ido ne ba ya gani. Ita ma kwalbar a ajiye ta cikin duhu, murfi a ɗaure. Na biyu, guba ne. Yana cutar da hanta, yana yi wa ido da fata illa, yana ɓata fenti, kuma ba ya jituwa da alminiyam. A sa safar hannu da tabarau, a yi aikin inda iska ke kaɗawa, kada kuma a busa komai da baki. 'Yar takardar da kan zo da kwalbar ba ta cika yin bayanin da ya kai girman wannan haɗari ba, wannan kuwa gazawa ce.

Kafin a zuba sabo, a cire gejin, a juye tsohon cikin kwalbar gilashi mai murfi, a wanke ma'ajiya da gilashi da sifirit, a bari su bushe ƙayau. 'Yar kafar da ta haɗa ma'ajiya da gilashi ita ce ta fi toshewa da dattin shekaru, a tabbata ta buɗe. Idan an ga wasu siraran sandunan waya a cikin ma'ajiyar, kada a yar da su a ɗauka shara ce. Da su aka daidaita gejin da girman tankin wannan motar, a mayar da su yadda aka same su, adadinsu cif. Sannan a ɗora gejin a tsaye, bututun iska a cire daga jikinsa, a riƙa ɗiga ruwan da sirinji ta saman gilashi, ɗigo ɗaya a jira ya zauna, har ya tsaya daidai layin sifili. In ya zarce, a tsotse rarar da tsinke mai ɗan auduga. Rarar ɗigo biyu ta isa ta sa geji ya nuna da sauran mai alhali tanki ya ƙafe.

Gwajin kan tebur ba shi da wuya. A haɗa ɗan tiyon roba da sirinji a bakin gejin, a tura iska a hankali har ruwa ya kai layin cika, a matse tiyon. Idan ya tsaya cak na wasu mintuna, kan gejin lafiya lau. Idan yana zamewa ƙasa, akwai yoyo.

Bututun iska kuma a hure shi daga gaba zuwa tanki da famfon taya na hannu, bugu kamar 50. Kwampreso yana turo danshi, kuma ƙarfinsa ya yi yawa. Ɗigon fetur ko na ruwa ɗaya a cikin wannan siririn bututu ya isa ya sa geji rawa ba dalili. Bayan an ɗaure notocin, gejin zai zauna a sifili har sai an tuƙa motar, an sha kwana an taka birki, mai ya fantsama ya cika ƙoƙon da iska. Mutane da dama a nan suke yanke hukuncin cewa ruwan jabu ne, alhali tuƙi kawai ya rage. In kuma geji ya hau ana tafiya, aka kwana aka tarar ya sauka, iska ce ke tsira ta wani noti ko ta inda bututu ya goga da ƙarfen mota.

Sai batun murfi, wanda shi ne ya fi kashe wannan geji. Tunda bakin gilashi a buɗe yake ga iskar waje, dole iskar da ke saman mai a cikin tanki ta zama daidai da ta waje. Duk ƙarfin da cikakken tanki mai zurfin santimita 20 ke bayarwa wajen kashi ɗaya cikin biyar ne kacal na psi guda, awon da ake gwada iskar taya da shi, wato abin da ko gejin taya ba zai ji ba. Idan murfi ya toshe, rana ta dumama tanki, tururin fetur zai danna ruwan ya hau, har ya zubo ta sama ya bi bayan allon gaban direba yana cin fenti. Idan kuma ana tafiya, famfon mai na zuƙa babu iskar da ke maye gurbi, sai geji ya yi ƙasa, ya wuce sifili, a ƙarshe jan ruwan ya koma cikin bututun iska. Mai mota ya ga gilashi wayam, ya ƙara ruwa, gobe ma ya ɓace. Can kuma injin ya fara shaƙewa don mai ba ya isa kafireta.

Tun farkon shekarun 1970 dokokin hana tururin fetur fita a Amurka suka sa murafan tanki suka zama rufaffu, kuma da yawansu suna hawa bakin tsohon tanki daram. Akwai ma waɗanda aka rubuta musu cewa suna da mashaƙa, amma bawul ne a ciki mai barin iska ta shiga kawai, ko mai buɗewa sai matsi ya taru. Injin zai ji daɗinsu, gejin King-Seeley ba zai ji ba. Abin da ake bukata murfi ne mai kafa a buɗe ta kowane ɓangare, babu bawul babu sifirin. Ko na asalin ma a duba shi da kyau: sabon fenti, ko shafen kurom, ko sabon gaskit da ya fi faɗi, ko zanzaro da ya yi gini a motar da ta daɗe a ajiye, kowannensu na iya rufe kafar. A zura siririyar waya ta fita ɗaya gefen, a ɗaga murfin a hango haske.

Gane matsalar abu ne na minti ɗaya. Bayan tafiyar rabin sa'a, a tsaya, mutum ɗaya ya zuba wa gilashi ido, ɗaya ya kwance murfi. In aka ji "fuuu" kuma ruwan ya motsa, sama ko ƙasa, murfin ne. Wanda zai shafe cikin tanki da maganin tsatsa kuma ya fara cire na'urar gejin, domin maganin na toshe ƙananan kafofinta yadda ba sa sake buɗuwa cikin sauƙi.

Duk mai sayen kwalbar ya haɗa da sabon bututun iska da notocinsa da murfi mai buɗaɗɗiyar kafa, ya fara ɗaura waɗannan, ruwan ya zama shi ne na ƙarshen shiga. In ya riga ya zuba kuma ruwan ya shige bututu, sauya bututun ya fi wanke shi, domin ragowar ɗigo mai wannan nauyi ba ta fita duka da famfon hannu.