Wasiƙa daga yammacin Parana

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, kai da iyali da Inna da duk mutanen gida. Saƙonka na murya ya same ni ina wurin aiki, sai da dare na saurara. Na ji maganar Auta, cewa ya hana kowa sakat sai an sayar da gonar bakin rafi an yi masa kuɗin jirgi ya biyo ni. Ka ce in faɗa maka gaskiyar ƙasar nan ta Birazil, abin da ake samu da wanda ba a samu. Maganar ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na zauna yau Lahadi na rubuta, ka karanta wa Inna, shi kuma ka miƙa masa ya karanta da idonsa.

Bari in fara da inda nake. Birazil ta ninka Nijeriya wajen sau tara a faɗin ƙasa, amma ƙidayar 2022 ta nuna mutanenta miliyan 203 ne. Ni ina can kudu, a yammacin jihar Parana, tafiyar awa biyu a mota zuwa wani gari da ake kira Foz do Iguaçu. A garin ne Kogin Iguaçu yake faɗawa cikin Kogin Parana, kuma in ka tsaya a bakin ruwan ƙasashe uku kake kallo. Inda kake tsaye Birazil ce, harshenta Fotugis. Ƙetaren ƙaramin kogin Ajantina, ƙetaren babban Faragwai, su kuma Sifaniyanci suke yi. Asalin rabon tun 1494 ne, lokacin da sarakunan Sifaniya da Fotugal suka ja layi a takarda suka raba ƙasashen da ko ganinsu ba su gama yi ba. Ka tuna yadda Turanci yake ƙarewa a Jibiya, Faransanci ya ɗauka a hanyar Maraɗi, alhali a kasuwa Hausa kowa yake yi? Faragwai ta ɗan yi kama da haka, don talakanta a gida Guarani yake yi, harshen mutanen da Turawa suka tarar, har kuɗinsu ma sunansa ke nan. Kuma ita ma kamar Nijar ba ta da teku.

Lokutan shekara a juye suke. A Yuni da Yuli, kuna tsakiyar damina, mu muna cikin hunturu, wani dare har raɓa ta daskare ta yi fari fat a kan ciyawa. Gidajen talakawa ba a gina su don sanyi ba, sai bargo biyu da rigar sanyi. Disamba da Janairu kuwa zafi ne mai gumi. Rana da tsaka ta arewa take bi duk shekara, inuwarka ta faɗi kudu, kuma kun riga mu da awa huɗu, shi ya sa kirana yake zuwa muku da dare.

Amma babban abin da nake so ka gane shi ne ruwa, don kusan duk arahar da ake ba ku labari daga nan ta taso. A wannan yanki babu rani irin namu. Wata ba ya wucewa ba a yi ruwa ba. Ƙasar ja ce jawur, mai zurfi, mai danƙo, in ta kama takalmi sai an kankare. Manomi yana shuka waken suya wajen Oktoba, ya girbe a farkon shekara, injin girbi yana gaba na shuka yana binsa a baya da masara. Gona ɗaya, amfani biyu a shekara, ba ban ruwa. A da kofi ne arzikin jihar, sai wani mugun sanyi ya ƙone bishiyoyin a Yulin 1975, mutane suka koma wa waken suya da masara. Wannan hatsi shi ake zuba wa kaji, kajin su muke yankawa, a daskarar da su a zuba a kwantena zuwa tashar jiragen ruwa ta Paranagua, daga can sai Saudiyya da Dubai da sauran ƙasashe. Babu ƙasar da ta kai Birazil fitar da naman kaji, a cikinta kuma babu jihar da ta kai Parana. Dalilin da ya sa ake neman Musulmi masu yanka a garuruwan da a da ko masallaci babu ke nan.

Haka wuta. Kusa da Foz akwai madatsar ruwa ta Itaipu, ta haɗin gwiwar Birazil da Faragwai, ta fara ba da lantarki a 1984. Injina 20 ne a ciki, kowane megawat 700, jimla 14,000. Kainji gaba ɗayanta megawat 760 aka gina ta da shi. Wato injin guda a nan ya kusa kamo Kainji. Ranar da na je na ga bangon dam ɗin, wallahi sai da na yi shiru na tuna shagon walda na Kawu da kuɗin man janareta da yake cinye ribarsa. Tun zuwana ban sayi kyandir ba. In iska mai ƙarfi ta kayar da bishiya a kan waya akan ɗauke, kafin ka gama damuwa an gyara. Sai dai takardar kuɗin tana zuwa duk wata ba fashi, kuma a hunturu takan yi nauyi, don famfon wankansu da lantarki yake dumama ruwa. Wanda ya ƙi biya yanke masa ake yi, babu wani ma'aikaci da za ka ja gefe ku daidaita. Ruwan famfo ma haka, da mita. Girki da tukunyar gas ake yi mai kilo 13, mai babur ya kawo har ƙofa. Ban ga mace tana hura itace ba a garin da nake.

Ka shiga kasuwa sai ka ɗauka kayan gida ne aka jera. Abincin kullum shinkafa da wake ne, garau-garau ɗinmu sak, sai dai waken da romo. Ga garin rogo da suke soyawa da mai su barbaɗa a kan komai. Ashe rogo da gyaɗa da kashu asalinsu wannan nahiya ce, jiragen Turawa suka kai mana. Mu kuma kuɓewa da manja daga wajenmu suka zo nan. Kaza da ƙwai da ayaba da lemo suna da sauƙi. Naman shanu yana da tsada ga lebura, duk da cewa shanun ƙasar sun fi mutanenta yawa, farare masu tozo kamar bunaji, irin da aka kawo daga Indiya. Abin da zai ba ka haushi shi ne gero da dawa. Ana noma su, amma abincin dabbobi ne ko kuma a shuka don rufe ƙasa, ba ka ganinsu a kanti. Ba fura, ba tuwon dawa, ba kuka, ba daddawa. Goro kuwa sai a shagunan masu addinin gargajiya irin na Yarabawa, da sunansa na obi, a kan kuɗin da Inna ba za ta yarda ba in ta ji. Sannan dole mutum ya riƙa tambaya, don sukan jefa naman alade a tukunyar wake, su a wurinsu ba komai ba ne.

Asibiti shi ne abin da na fi yaba musu. Tun tsarin mulkinsu na 1988 aka rubuta cewa lafiya haƙƙin kowa ce, sunan tsarin SUS. Kowace unguwa da ƙaramin asibitinta, baƙo da ɗan ƙasa layi ɗaya, ba a karɓar sisi. Bara na yanke a hannu, aka ɗinke aka yi min allura aka ba ni magani, na fito aljihuna yadda na shiga da shi. Maganin hawan jini da na ciwon suga kyauta ne ga mai takardar likita, kuma duk lokacin da na tura kuɗin maganin Inna sai wannan ya faɗo min a rai. Aibinsa jira. Ganin babban likita ko aikin tiyata da ba na gaggawa ba yakan ɗauki watanni. Zazzaɓin cizon sauro irin namu yana can arewa a dajin Amazon, nan kudu wanda ake tsoro shi ne dengi, shi ma sauro ke kawo shi.

Kuɗi kusan ba a riƙe su a hannu. Babban bankinsu ya fito da wata hanyar tura kuɗi ta waya a 2020, ana ce mata Pix, nan take take shiga, ba caji, har mai tallan rake da ita yake karɓa. Amma komai sai da lambar shaida da ake kira CPF: layin waya, asusun banki, haya, aiki. Wanda ba shi da takarda a nan a ɗaure yake ko da yana yawo.

Game da wayar da ka ce in duba maka, sai na ƙetara. Daga Foz akwai gada da aka buɗe a 1965, ana kiranta Gadar Abota, ta kai ka Ciudad del Este a Faragwai. Ka haɗa Kantin Kwari da kasuwar waya ta Farm Centre, ka ɗora su bene a kan bene, to ka kusa. Larabawan Labanan da 'yan Sin ne manyan masu shaguna, 'yan acaɓa suna zirga-zirga a kan gadar da hular kwano. Harajin Faragwai kaɗan ne, na Birazil a kan kayan lantarki mai yawa, shi ya sa mutane suke kwana a mota su zo sari. Akwai jabu da yawa, sai da ido. Wani abin lura: wutar Faragwai irin tamu ce, 220, ta gidajen Parana kuwa 127, don haka duk na'urar da za a kai gida a can ya kamata a saya. Albarkacin waɗannan Larabawa Foz take da babban masallaci fari mai ƙubba, sunan Sayyadina Umar ɗan Haɗɗabi aka sa masa, can nake zuwa Idi.

To yanzu maganar Auta. Mafi ƙarancin albashi a 2025 riyal ɗinsu 1,518 ne a wata. Namu na masu yanka ya ɗara haka, ba da nisa ba. Akwai hutun kwana 30 a shekara da ƙarin albashin wata guda a ƙarshen shekara, wanda suke kira albashin 13, ga wanda aka ɗauka da takarda. Haya da wuta da ruwa da gas da abinci suna cinye fiye da rabin nawa, alhali mu huɗu ne a gidan. Aikin tsayuwa ne cikin sanyi, hannu yana abu ɗaya tun asuba, da yawa kafaɗarsu da wuyan hannunsu sun lalace. A layi ɗaya da ni akwai 'yan Haiti da Senegal da Bangaladash da Benezuwela, kowa da iyali a baya yana jiran aike. Masu gonakin da na ba ka labari jikokin Italiyawa ne da Jamusawa da 'yan Folan, filayen suna hannunsu tun kakanni. Baƙo lebura irina ba shi da kuɗin sayen ko kadada ɗaya.

Su kansu 'yan ƙasar cin rani suke yi. Arewa maso gabas akwai yankin da suke kira Sertão, ƙaya da fari da awaki, damina gajera, in ka ga hotonsa ka ce hanyar Zinder ce. Shekaru da shekaru mutanensa suna tafiya Sao Paulo leburanci. A gaɓar tekun wannan yanki ne birnin Salvador yake, inda aka sauke bayi daga ƙasashenmu, har da Hausawa. A watan azumi na 1835 Musulmin cikinsu suka yi tawaye, aka same su da layu da rubutun Larabci a jiki. Ba a soke bauta a ƙasar ba sai 1888. Har yau a can ana sayar da ƙosai da aka soya da manja, akwai kuma wata shinkafa da busasshen nama da suke kira arroz de hauçá, shinkafar Hausa. Ranar da wani abokin aiki ɗan Bahia, jihar da Salvador yake, ya faɗa min sunan, na kasa cin abincin rana. Ina tara kuɗi in je in ga garin.

Ra'ayina, Yaya, kada a sayar da gonar bakin rafi. Ita kaɗai ce muke da ita mai ruwa har rani, kuma na ga da idona abin da ƙasa mai ruwa take yi wa masu ita. Abin da zan turo bayan albashin 13 a sayi injin ban ruwa da tiyo, Auta ya yi noman rani bana. In ya shekara zuciyarsa tana nan a kan tafiya, ya fara koyon Fotugis a waya, ya yi fasfo, ni zan nemi hanyar biza ta gaskiya. Kada ya ba wani dillali ko kwabo.

Akwai wani ɗan Zariya da zai dawo nan bayan Sallah, zan turo maka lambarsa. A ba shi kuka da daddawa da yaji, a ɗaure su sosai a leda biyu, da garin kunu in zai iya ɗauka. Ka gaida Inna da kyau, ka ce ta ci gaba da sa ni a addu'a. Ka gaida Kawu da matarka da yara.

Ƙaninka.