Ƙullin Maganin da Inna Ta Aiko Mini Jamus

Shekarata huɗu a Hamburg, ina aiki a wani kantin magani na unguwarmu, ni ke kai wa tsofaffi maganinsu gida a kan keke. Ban taɓa jin kunya a ƙasar nan irin ta watan jiya ba, kuma ƙullin magani ne daga gida ya jawo mini.

Inna ce ta ba wani ɗan garinmu ya taho mini da shi, garin maganin basur a cikin leda. Mai shi ya rantse mata haɗin itatuwa bakwai ne. Kwana uku ina sha, cikina ya yi ta murɗa, gudawa ta hana ni hawa keke. Uwar ɗakina a kantin maganin ta tambaye ni me na sha. Da alfaharina na miƙa mata ledar, na ce maganinmu ne na gargajiya. Ta ce, "Wane itace ne?" Sai na rasa ta cewa.

A nan doka ta wajabta wa kowane kantin magani ya kasance da ɗakin gwaji, kuma ganye ko saiwar da za su yi haɗi da su sai sun tabbatar su ɗin ne. Can ta shiga da ni. Ta ɗebi garin kamar kan tsinke ta zuba a ɗan gilashi, ta ɗiga masa wani ruwa mai wanke ganye ya yi garau, ta ɗan gasa a wuta, ta sa a ƙarƙashin madubin likita, ta ce in leƙa.

Jama'a, ashe ganye ko an daka shi ya yi lilis bai rasa kamanninsa ba. Na ga wasu gajerun gashi masu tsini, jikinsu da ƙuraje-ƙuraje. Na ga ƙananan bakunan da ganye ke numfashi da su, kowanne da ƙwayoyi biyu kwance a gefensa, da wasu duwatsu masu ƙyalli sun yi sahu a bayan jijiyar ganyen. Ta buɗe kundin magunguna na Turai, wanda ake tsarawa a Strasbourg ta Faransa, ta nuna mini zanen. Babu bambanci. Dangin filasko ne, wanda suke sayowa daga Sudan da Indiya. A gilashi na biyu ta ɗiga ruwan aidin, kusan rabin garin ya koma shuɗi mai duhu: sitaci ne mai kusurwa-kusurwa, irin na masara. Sauran yashi ne da zaren funfuna. Itatuwa bakwai ɗin ke nan. Ba ta yi mini dariya ba, cewa kawai ta yi filasko magani ne na gaske, amma su ba sa barin mutum ya wuce mako ɗaya zuwa biyu yana sha, ba kuma a ba yaron da bai kai shekara 12 ba.

Su Turawan ma sai da suka ji jiki. Ta ba ni labarin Beljiyam a farkon shekarun 1990, inda aka musanya wata saiwar ƙasar Sin da wata a cikin maganin rage ƙiba, mata fiye da 100 ƙodarsu ta lalace. Saiwar da ta yi ɓarnar dangi ɗaya take da duman dutse namu.

Ba zan ce komai nasu yana yi mini daɗi ba. Ɗan ƙunshin busasshen zobo, irin wanda manoman Jigawa ke cika buhuna da shi, kuɗinsa sai ya sa ka haƙura da sha. Babu ciniki, babu gyara, kuma kafin a miƙo maka sai an yi maka tambayoyi kamar a gaban alƙali. Ƙamshin ma bai kai na zogalen da Inna ke shanyawa a inuwar rumbu ba. Amma a jikin kowane ƙunshi akwai sunan itacen, da lambar haɗin, da ranar da zai lalace.

Abin da ke ci mini rai, mu ba jahilan itace ba ne. Kakata ko a duhu ta murza ganye ta shinshina za ta gaya maka sabara ce ko marke. Mu muka bar wannan muka koma wa gari a leda da ruwa a gora, wanda mai mota da lasifika zai ce yana maganin sanyi da shawara da basur a lokaci guda, mu miƙa kuɗi don ya ce wallahi. Ga sashen nazarin magungunan itatuwa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ɗalibai na koyon wannan leƙen da na yi. Ga NAFDAC tana rajistar maganin gargajiya. Me zai hana ƙungiyoyin masu magani su ajiye madubi ɗaya da ɗalibi ɗaya a kowace babbar kasuwa? Gwajin nan bai ci minti goma ba a gabana.

Da na kira Inna ban iya gaya mata garin masara ta saya ba, don na san da kuɗin akuyarta ta biya. Cewa na yi in za ta sake aikowa, ta sa a tsinko ganyen a gabanta, a shanya a inuwa, kada kowa ya daka.